Kan Tsaunin Donner, Inda Ba A Sace Wa Taya Iska

Tsakanin Sakramento, babban birnin jihar Kalifoniya, da birnin Rino na jihar Nebada tafiyar kilomita 210 ce ko ɗan sama da haka, wato kusan nisan Kano zuwa Kaduna. A lokacin zafi direba kan cinye ta cikin awa biyu da 'yan mintuna, bai ko tsaya shan ruwa ba. Sai dai a tsakanin garuruwan biyu Allah ya gitta katanga, jerin tsaunukan Siyera Nebada. Sakramento a kwance take kusan daidai da bakin teku, tudunta bai cika mita 10 ba, babbar hanya mai lamba 80 kuwa sai ta hau sama da mita 2,200 kafin ta fara gangara. Domin mai karatu ya kwatanta, Jos da muke zuwa da rigar sanyi a jaka tana wajen mita 1,200 ne, Chappal Waddi da ke jihar Taraba, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Najeriya, mita 2,419 ce. Ke nan a can tirela ɗauke da kaya takan haye kusan tsayin da mu a gida sai masu hawan dutse da ƙafa ke kaiwa. Wurin da hanyar ke ƙetare tsaunin shi ake kira mashigin Donner.

Na bi wannan hanya a wani watan Fabrairu, bayan kammala taron ƙara wa juna sani da ya kai ni Kalifoniya. Wanda ya ɗauke ni mai masaukina ne, wani dattijo ɗan Damagaram da ya daɗe yana tuƙa tirela a Amurka, wanda kuma a ƙuruciyarsa ya yi yaron mota a hanyar Agadas zuwa Dirku. Zai je duba 'yarsa a Rino, sai ya ce in zo in ga abin da ba a gani a ɗakin taro. Bayan sallar asuba ya fito da geji, ya durƙusa ya auna tayoyin ƙaramar motarsa ɗaya bayan ɗaya har da safaya, ya dubi 'yar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ya gyaɗa kai. Sannan ya jefa wata jaka mai nauyi a but, ta yi ƙara kamar an zubar da kayan maƙera.

Na ce, "Alhaji, wannan fa?"

Ya ce, "Sarƙa ce, Dakta. In babu ita yau ba za su bar mu mu haye ba."

Hawan yakan fara ne a hankali, har mutum bai san ya soma ba. Bayan garin Auburn ƙasa ta koma ja wur, irin jangargarin da muka sani a kudancin Kaduna, kuma a wannan yanki ne aka yi rububin zinariya na 1849. Daga Colfax itatuwa suka canja, masu faɗin ganye suka ba wa dogaye masu tsinin ganye wuri. Ruwan da ke ta yayyafi tun daga birni ya soma kauri a kan gilashi, ya zama kamar ana watsa farau-farau, can kuma ya koma fari fat yana sauka shiru. Ledar biskit da na ajiye a gabana ta kumbura ta yi tam kamar za ta fashe. A lokacin dariya kawai na yi mata, sai daga baya na ga tana cikin maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Dalilin yawan dusar ƙanƙara a nan ba ɓoyayye ba ne. Iska mai ɗauke da danshi takan taso daga tekun Fasifik, ta ratsa kwari, ta ci karo da tsauni. Dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta sauke kayanta. Abin da ke zuba a mashigin a shekara, in aka tara, yakan kai wajen mita 10. Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley tana da tashar nazarin dusa a Soda Springs, dab da ƙololuwa, wadda aka kafa tun 1946. A hunturun 2022 zuwa 2023 tashar ta auna kimanin mita 19, a na 1951 zuwa 1952 kuwa an haura mita 20. Kuma dusar nan ba mai laushi ba ce irin ta hotunan kalanda. Jiƙaƙƙiya ce mai nauyi, mutanen wurin da kansu simintin Siyera suke ce mata. Da zarar tayoyi sun tattake ta sai ta daskare ta zama kamar daɓe, ga santsi kamar an shafa sabulu.

Hukumar hanyoyin jihar, Caltrans, da 'yan sandan babbar hanya su ke yanke hukuncin wanda zai wuce. Dokar sarƙa tasu hawa uku ce. A mataki na farko, R1, kowa ya ɗaura sarƙa sai ƙananan motocin da ke da tayar dusa a ƙafafun da ke ja. A na biyu, R2, wanda shi muka tarar, ba a ɗaga wa kowa ƙafa sai mota mai ja da ƙafa huɗu da ke sanye da tayar dusa duka huɗun, ita ma da sharaɗin sarƙarta na cikin but. Na uku, R3, babu togaciya ko ɗaya, amma galibi kafin a kai nan an rufe hanyar ma gaba ɗaya. Wanda ya ɗaura sarƙa ba zai wuce gudun mil 25 ko 30 a awa ba, gwargwadon abin da allo ya nuna, wato tsakanin kilomita 40 da 48. Ban ga wanda ya tsaya roƙo ko ya kira wani babba a waya ba. Jami'i zai leƙa tayarka, ya ɗaga hannu ka wuce ko ya nuna maka hanyar komawa.

Kafin shingen akwai wani faffaɗan gefen titi da aka ware domin ɗaura sarƙa, kuma nan ne kasuwa ke ci. Wasu mutane ne cikin rigunan leda masu ɗaukar ido, kowa da lamba a ƙirji, suna bi mota-mota. Ba ma'aikatan gwamnati ba ne, masu zaman kansu ne da hukuma ta ba izini su ɗaura wa mutane sarƙa a biya su, kuma doka ta hana su sayar da ita ko ba da hayarta. Nan take suka tuna mini da masu faci na bakin tasha, illa dai su waɗannan kwance suke aiki a cikin ruwan ƙanƙara. Alhaji bai kira kowa ba. Ya shimfiɗa tsohuwar tabarmar roba, ya sa safar hannu, ya warware sarƙoƙin a ƙasa ya tabbatar babu inda suka murɗe, ya yafa su a kan tayoyin gaba tunda motarsa da gaba take ja. Ya maƙala ƙugiyar ciki, ya maƙala ta waje, ya ja robar da ke ɗame su. Duka bai fi minti goma ba.

A motar da ke gabanmu wani saurayi ne ke ta fama. Sarƙarsa ta ƙi haɗuwa, saura kamar faɗin yatsa biyu. Da ya gaji sai ya ciro makulli ya danna bawul, muka ji iska na fita. Wani daga cikin masu rigar leda ya taho da sauri yana kaɗa hannu, ya riƙe masa wuyan hannu, ya nuna lambobin da ke gefen tayar, ya nuna na jikin kwalin sarƙar. Ba su dace ba, sarƙar ta wata tayar ce ƙarama. Saurayin ya so gardama, mutumin ya girgiza kai ya wuce wurin wani. Da muka tashi mun bar shi yana waya.

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Ka ga wannan, Dakta? In a Tenere ne da na ce yaron ya san aiki. Mu can da mota ta fara nutsewa a yashi, maigida zai ce a sauka a sace. Mu bi tayoyi mu rage rabin iskar, wani lokaci fiye, sai ka ga mota ta taso tana tafiya kamar a kan tabarma. In an fito kan tsakuwa kuma a ɗauko famfo, mu yi ta bugu har kafaɗa ta mutu. Amma nan ba can ba ne."

Wannan magana ta Alhaji ita ce gaba ɗayan lamarin, kuma lissafinta ba shi da wuya. Abin da ke ɗauke da mota ba roba ba ce, iskar da ke cikinta ce. Faɗin wurin da taya ke taɓa ƙasa yana bin nauyin da ke kanta ne a raba da ƙarfin iskar. Ƙaramar mota mai nauyin kilo 1,400, kowace taya na ɗauke da kilo 350. In gejin mai faci ya nuna 32, a ma'aunin da ake kira PSI, abin da ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannun babban mutum da yatsunsa ba. A rage iskar zuwa 16, wurin zai kusan ninkawa, galibi ta tsawo. Nauyi ɗaya ya bazu a kan fili biyu, don haka taya ta daina huda yashi, ta koma hawa kansa. Hikimar da Allah ya yi wa raƙumi ke nan, tafin ƙafarsa kan baje in ya taka. Amma duk wanda ya taɓa ganin raƙumi a kan jiƙaƙƙiyar laka ya san yadda wannan ƙafar ke zame masa masifa, yana talalabiya har ya iya tsagewa. Akuya kuwa, da ɗan kofatonta mai tsini, takan hau inda raƙumi ba zai ko kalla ba.

Sarƙa kofaton akuya ce. Aikinta ta tattara nauyin mota a kan 'yan zobban ƙarfe, su nutse cikin daskararriyar dusa su ciji abin da ke ƙasa. Hakan ba ya yiwuwa sai da taya mai tauri a bayanta tana danna ta. In taya ta yi laushi, zoben da ya kamata ya shiga ƙanƙara sai ya shige cikin roba, cizon ya ragu. Wannan ma ƙaramar illa ce. Babbar ita ce, an auna sarƙa ne a kan taya cikakkiya. Tayar da aka sace takan lotsa a ƙasa ta buɗe a gefe duk juyi ɗaya, sarƙar ta yi sako-sako, ta soma dukan madigadi. A ƙananan motocin zamani tazarar da ke tsakanin taya da abin da ke bayanta kaɗan ce ƙwarai, kuma a nan tiyon burki yake, da wayar na'urar da ke hana burki kullewa. Sarƙar da ta kwance ta naɗe tiyon burki a kan gangaren tsauni ba ta bar wa direba komai ba sai salati. Ga shi kuma gefen taya, wanda shi ne mafi rauni a jikinta, yana ta gugar ƙarfe, kuma a kwana mai tsanani tayar na iya zamewa daga bakin wili ɗungurungum.

Dabarar da saurayin nan ya so yi ta fi wannan muni, domin niyyarsa ya sace iska, ya haɗa ƙugiya, sannan ya sake bugawa don sarƙar ta ɗame. Da ido abin kamar wayo ne. Amma iskar da ke iya ɗaga mota ba za ta ji nauyin tura roba cikin ƙarfe ba. Sarƙar za ta nutse a jikin tayar ta yanka zaren da ke ciki, ko ita kanta ta tsinke a wurin da ya fi rauni, ta yi bulala. Shi ya sa takardun da ke zuwa da sarƙoƙi ke gargaɗin kada a sace taya domin ɗaura su. A bar ta a kan abin da kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofa, a sayi sarƙa daidai da lambar tayar, a gwada ta a gida tun rana na sama. Lambar da ke rubuce a gefen taya kuwa, wadda da yawa daga cikinmu ke ɗauka ita ce ƙa'ida, iyaka ce da ba a so a wuce, ba ita ake bugawa ba.

Adalci ne in faɗi cewa akwai dusar da ake bi da dabarar yashi. A ƙasar Aisland masu hawa kan tsaunukan ƙanƙara sukan sa wa motocinsu tayoyi ƙatta, su rage iskar har ta kusa ƙarewa, su yi ta shawagi a kan dusa mai zurfin da babu mai isa ƙasanta. Su ba sa neman cizo, neman tasowa suke, don haka ba ruwansu da sarƙa. Akwai kuma masu shiga daji da ke rage iska kaɗan tukuna, sannan su ɗaura sarƙa su ɗame ta a kan tayar yadda take, su tafi da gudun mai keke. Ban ce ba su da hujja ba, amma su sun san abin da suka saya, kuma ba a kan babbar hanya suke ba. Tambayar da ke raba gardama ɗaya ce: a ƙarƙashin abin da ke gabanka akwai ƙasa mai tauri da za ka iya kaiwa, ko babu? A kan hanya mai lamba 80, inda motocin kwashe dusa ke kai da kawowa dare da rana, kwalta na nan ƙasa kaɗan.

Saura batun ledar biskit. Geji ba ya auna iskar cikin taya ita kaɗai, bambancin da ke tsakaninta da iskar waje yake nunawa. A bakin teku iskar sarari na danna komai da ƙarfin PSI 14.7, a tsayin mita 2,200 kuwa ta ragu zuwa wajen 11.2. Ke nan tayar da ba a taɓa ba za ta nuna ƙarin kusan uku da rabi a kan tsauni, kamar yadda ledata ta kumbura ba tare da an hura ta ba. Sanyi kuma yana ja ta ɗaya ɓangaren, duk saukar digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Selshiyas na cin PSI ɗaya. Wanda ya baro Sakramento a digiri 12 ya iske 6 ƙasa da sifili a sama ya yi asarar wajen uku. Abu biyun sun kusa cinye juna, kuma wannan ne ya sa Alhaji ya auna a gida da sassafe, bai ƙara taɓa bawul ba. Haɗarin yana ga mai yawan bincike, wanda zai tsaya a gefen hanya bayan awa ɗaya da rabi yana hawa, tayoyi sun ɗumama, geji ya nuna masa 37, ya ce ai ta yi yawa ya rage. In motar ta kwana a waje, da safe zai tarar da abin da ya yi wa kansa.

Muka wuce shinge, bayan ɗan taƙi Alhaji ya sake tsayawa ya ƙara ɗame sarƙoƙin, domin sai sun juya kaɗan suke zama daidai. Tafiya da sarƙa ba daɗi gare ta ba. Motar gaba ɗaya rawa take, sitiyari na karkarwa, ƙara kamar ana jan mari a kan dutse. Ba a taka totur da ƙarfi, ba a taka burki da ƙarfi, ba a murɗa kai farat ɗaya. Tireloli na jere a hannun dama suna rarrafe, a gefe biyu kuma dusar da aka ture ta yi bango fiye da tsayin motarmu. Sau biyu na hangi guntayen sarƙa yashe a kan titi, sau ɗaya kuma wata doguwar mota mai ja da ƙafa huɗu da ta wuce mu da gudu muka iske ta ta soke hanci a bangon dusa. Alhaji ya ce, "Ƙafa huɗu na taimakon tashi ne, Dakta. Wajen tsayawa kowa ƙafa huɗu gare shi."

Daga ƙololuwa, da gajimare ya ɗan yaye, sai ga tafkin Donner can ƙasa, baƙi ƙirin a tsakiyar fari. A jikin dutsen da ke hannun dama ana hango wani dogon layi kamar an ja da gawayi. Rumfunan tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ne. Kamfanin Central Pacific ne ya ratsa nan da dogo, da ƙarfin dubban 'yan ƙwadago 'yan ƙasar Sin waɗanda suka fafe dutsen da guduma da albarushi. Ramin ƙololuwa, mai tsawon mita 500 da 'yan kai, an huda shi a 1867, dogon kuma ya haɗe gabas da yamma a 1869. Da dusa ta ƙi barin jirage su wuce sai aka yi wa dogon rufi na tsawon kusan kilomita 60. Duk da haka a watan Janairun 1952 jirgin fasinja mai suna City of San Francisco ya maƙale a yammacin mashigin da mutum 226 a ciki, sai bayan kwana uku aka fitar da su. Babbar hanyar da muke kai ba a kammala ta a nan ba sai 1964.

A ƙasan gangaren, inda kwalta ta fito baƙa, muka tsaya muka kwance sarƙa, domin a kan busasshen titi ita ke cin taya, titi kuma ya ci ta. Garin da ke nan sunansa Truckee, wanda a kunnen Bahaushe sai ya ji kamar an ce Turaki, kuma an ce sunan wani shugaban ƙabilar Paiute ne da ya nuna wa matafiyan farko hanya. A bakin tafkin akwai gunkin tunawa da ayarin da mashigin ya ci sunansu. Mutum 87 ne, maza da mata da yara, cikin kekunan shanu, suka nufi Kalifoniya a 1846. A hanya suka karɓi shawarar bin wani yanke da aka ce zai rage musu nisa, ya cinye musu makonni, sauri ya haifi nawa. Sun iso gindin tsaunin a ƙarshen Oktoba, dusa ta riga su. Suka ci shanunsu, suka ci fatun da suka yi rufi da su, daga ƙarshe wasu suka ci naman 'yan'uwansu da suka mutu. Na ƙarshensu an fito da shi a Afrilun 1847, kuma 48 ne suka rayu. Dakalin da gunkin ke tsaye a kai tsayinsa ƙafa 22 ne, kusan mita 7, an yi shi haka ne don ya nuna zurfin dusar wannan shekara. Na tsaya a gindinsa na ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa.

Mutanen Donner ba su san taya mai iska ba, da'irar ƙarfe ce a ƙafafun kekunansu. Sai a 1888 Dunlop ya fito da tasa tayar, sarƙar taya kuma wani Ba'amurke mai suna Harry Weed na jihar Niyok ne ya yi mata rajista a 1904. Abin lura shi ne ba don dusa kaɗai ya yi ta ba. A zamaninsa yawancin hanyoyin Amurka na ƙasa ne, da ruwa ya sauka sai su koma taɓo, kuma ana ba da labarin cewa ganin direbobi na naɗa igiya a tayoyinsu ne ya ba shi tunanin. Ta nan maganar ta shafe mu, mu da ba mu da dusa amma muna da damina.

Laka ma iri biyu ce, kuma tambayar nan ta ɗazu ita ke raba su. Akwai santsin jan yumɓu, irin na hanyoyin ƙauyukan Mambila, inda sama ke narkewa kamar man shanu amma ƙasa na nan da tauri. Taya na juyawa a banza, zanenta ya cike ya zama sumul, mota ta yi ta gwale-gwale a kan hawa. Wannan ita ce lakar da aka yi sarƙa dominta, da taya cikakkiya, kuma ina mamakin yadda ba a cika ganinta a shagunan kayan mota na garuruwanmu ba, alhali amfanin gona kan ruɓe a ƙauye saboda hawa ɗaya da ya gagari mota. Akwai kuma taɓon fadama da baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Ngala, wadda in ta sha ruwa ba ta da gindi. A nan sarƙa haƙa take yi, cikin daƙiƙa kaɗan cikin mota ya zauna a ƙasa. Abin da ke taimako shi ne dabarar yashi, a rage iska a bi a hankali, ko kuma, in ana son gaskiya, a jira ƙasa ta sha iska. Kuskuren da na fi gani a hanyoyinmu shi ne mantawa da kashi na biyu na aikin. An sace taya an fita daga taɓo, an hau kwalta, sai a ɗora gudu da lodi a kanta ba a mayar da iskar ba. Taya mai ƙarancin iska lanƙwasa take yi tana zafi, zafin ya raba roba da zare, sai a ji ta fashe a ce tsautsayi.

Akwai wata alaƙar da ta fi wannan kusa. Tayar dusar da jami'in shinge ke leƙawa ana gane ta ne da haruffan M+S a gefenta, waɗanda ke nufin laka da dusa. Wadda aka yi musamman domin tsananin hunturu kuma tana da hoton tsauni mai kai uku da ƙwayar dusa a cikinsa. Duk mai shakka ya je inda ake sayar da tayoyin kwance a Kano ko Kaduna ya duba, zai sami wannan hoton. Tayoyi ne da aka yi da roba mai laushi don kada ta sandare a sanyi, suka gama aikinsu a Turai, aka auno mana su mu hau kwaltar watan Afrilu da su. Mai saye yakan ga zane mai zurfi ya ce ya yi dace, alhali a zafi irin namu saurin cinyewa suke, kuma burki ba ya kama su kamar yadda ya kamata. A gefen tayar kuma akwai lambobi huɗu da ke faɗin ranar haihuwar tayar, misali 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Duba su bai kai minti ɗaya ba.

Daga Truckee hanyar ta bi kwazazzabon kogi mai wannan suna, wanda ke fitowa daga tafkin Taho ya ƙare a wani tafkin cikin hamada ba tare da ya ga teku ba, kamar yadda Komadugu Yobe ke ƙarewa a tafkin Chadi. Cikin rabin awa itatuwa suka ƙare, dusa ta koma 'yan fararen tabo a kan tuddai, ƙasa ta zama toka-toka da gajerun ciyayi. Tsaunin ya tare ruwan duka, bai bar wa Nebada komai ba. Mun shiga Rino da la'asar, tafiyar awa biyu ta ci mana kusan biyar. Kafin ya ko zauna cin abinci, Alhaji ya ɗauko bokiti ya wanke gishirin titi daga jikin sarƙoƙin, ya bi zobban ɗaya-ɗaya da yatsa, ya sami guda da ya fara buɗewa ya matse shi da filaya, ya rataye su a kan shingen gidan su tsane. Jikarsa ta leƙo ta ce masa an faɗa a talabijin wata dusar na tafe ranar Lahadi, ranar da za mu koma.